Randar da Ba a Wankewa

Ran Asabar ɗin da ta wuce, samari biyu da budurwa ɗaya suka zo rumfata daga Jabi cikin mota mai sanyi. Sun sha, sun ci farfesu, sun ɗauki hoton ƙwarya ta kowane gefe. Da za su tafi, ɗaya daga cikin samarin ya ce suna so su buɗe wuri irin nawa a bakin tafki, da bencunan katako da ƙore da komai, in koya musu burkutu cikin kwana biyu.

“Mama, ai mun duba a waya,” in ji shi. “Dawa ce kawai da ruwa da yis.”

Ban ba shi amsa ba, don bakina yana yi mini nauyi a gaban baƙi. Rubutu ya fi mini sauƙi. Wannan ita ce amsar, gare shi da duk mai tunani irin nasa. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana, kusan kalma da kalma, kuma saura kaɗan ta raba gidanmu da ranarsa.

Na zo gidan Gwaggo Laraba, yayar mahaifina, a wani ƙauye bayan Sheda, ina da shekara ashirin da ɗaya. Kafin nan na yi shekara biyu ina karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai karatun ya tsaya. Na zo da akwatin littattafai da farar rigar aiki. Gwaggo ta dubi rigar, ta ce, “Saratu, wannan ta zuwa coci ce ko ta yanka akuya?” Washegari ta ba ni tsohon zane da bokiti.

Aikin farko da ta sa ni shi ne shayar da tsiro, kuma wata uku ban taɓa wani abu ba sai shi. Jar dawa ake samu, a sheƙe ta, a wanke, a jiƙa a ganga ta kwana. A tsame, a baza ta a kan buhuna a ɗaki mai duhu, a rufe da ganyen ayaba. Safe da yamma a yayyafa mata ruwa, a juya ta da hannu, don in an bar ta saiwoyin za su kama juna su cure kamar tabarma. Za ka cusa hannu cikinta ka ji ɗuminta. In ya yi kamar jikin kaza mai kwanci, lafiya. In ya wuce haka, a rage kaurin shimfiɗar nan take, in ba haka ba funfuna ta shiga, buhu guda ya zama na aladu. Rana ta huɗu tsiro ya kai tsawon farce. Ka tauna ƙwaya ɗaya, in ka ji zaƙi ya fito, sai a kai shi kan falalen dutse a shanya, ka zauna da sanda kana gadin awaki da kajin maƙwabta. A wannan zaman na karanta rabin littattafan akwatina.

Niƙa ma akwai nata. Ba a kai tsiro inji bayan mai tattasai ko mai wake. Sai ka tsaya a kan mai injin ya wanke, ya kuma sassauta, don garin burkutu ba ya son laushi irin na tuwo. Za ka sha harara. Ka sha.

Dahuwa kwana biyu ce. Ran Alhamis a dama garin da ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa ana tuƙawa da muciyar da ta kai ni tsawo. In ya dahu a mayar masa da ruwan da aka ajiye, a rufe ya kwana ya yi tsami. Ran Juma'a a tace, a fitar da dusa, a mayar da ruwan kan wuta tun hantsi har la'asar ana kwashe kumfa. Itacen ƙirya muke so. Ɗanyen mangwaro hayaƙi ne kawai, katakon da ake kwasowa daga wuraren gini kuwa, mai fenti da ƙusa, warinsa yana shiga har cikin ƙwaryar mai sha. In an sauke, a bar shi ya huce har gwiwar hannu ta iya zama a ciki ba ta ji zafi ba. A wannan matakin ruwa ne mai zaƙi kawai, ko yaro zai iya sha. Abin da ke mayar da shi burkutu yana cikin randa.

Randar Gwaggo baƙa ce, ta kai mini ƙugu, an binne gindinta a ƙasa a kusurwar ɗaki. Ta gaje ta wurin uwarta. Ita kaɗai take zuba mata, ita kaɗai take kwashewa. Ba ta taɓa kwashe ta ƙarƙaf ba. Kullum sai ta bar wani abu mai kauri kamar laka a ƙasa, kimanin ludayi uku, ta rufe da faifai har wata Juma'ar. Wannan shi take kira iri. In aka zuba sabon ruwa a kansa da yamma, kafin gari ya waye randa ta fara magana, tana tsiii, kumfa tana tasowa tana fashewa. Na san mene ne. Na gan shi a ƙarƙashin madubin gwaji a makaranta, na zana shi a takarda, na ci jarrabawa a kansa. Na ce wa Gwaggo, “Ai wannan yis ne.” Ta ce, “To, ki gaishe shi da sunan nasa.”

Gidaje huɗu ke dafa burkutu a ƙauyen, kuma kowane gida da ranarsa, don kada a yi ta kishiyantar juna a kan mutanen da ba su da yawa. Tamu Asabar ce, ranar da ta fi kowace, don ranar ne magina da masu buga bulo da ma'aikatan Sheda suke samun sarari. Dokar matan ita ce, rana ta gidan da mutane suka zauna ce. In aka yi Asabar uku a jere rumfarka ba kowa, wata tana da ikon ɗora tukunya a ranar, kuma ba mai ce mata don me. Mama Asabe, mai gidan Talata, ta daɗe tana cewa, “Ni da aka haifa ran Asabar, ni ce ke sayarwa ran Talata. Duniya ba gaskiya.” Da dariya take faɗa, amma kowa ya san tana nufi.

Masu ɗaukar hoto suna ganin benci da ƙwarya su ɗauka shi ne wurin. Wurin tsari ne. Dattawa suna zama jikin bango ƙarƙashin mangwaro, inda allon dara yake. Magina suna bakin hanya, don su fi kowa hayaniya. Duk wanda ya zauna, kafin ya ce a kawo, sai a ba shi ɗanɗano, rabin ƙaramar ƙwarya, kyauta. Mai sayarwa ce take fara kurɓa a gabansa kafin ta miƙa masa, don ya san abin da ta ba shi ita ma za ta iya sha. In burkutun ta yi masa, ya ce a cika. In ba ta yi masa ba, ba ya zagi. Zai kife ƙwaryar a kan benci ya tashi. Shekara talatin Gwaggo tana sayarwa, ta ce sau biyu aka taɓa kife mata.

Abincin ma ba a yinsa yadda aka ga dama. Burkutu tana da tsami da nauyi, tana son abu mai zafi da romo. Farfesun kan akuya muke yi, da kimba da masoro da citta da ɗan daddawa, ɗoɗɗoya kuma sai an sauke ake jefawa. Ga gasasshiyar doya da manja da yaji, ga busasshen kifi, ga gyaɗa marau-marau ta masu dara. Doya a garwashin ƙirya ake gasa ta, a kankare baƙin da wuƙa, a tsaga ta da hannu. Muna yin kunun zaƙi ma, da tukwanensa dabam da kofunansa dabam, a kan wani tebur can gefen hanya, saboda akwai masu zuwa da ba sa shan giya. Gwaggo ba ta wasa da wannan. Ludayin burkutu bai taɓa shiga bokitin kunu ba. Malam Buba, Bafulatanin da ke sayen dusarmu saboda shanunsa, a nan yake tsayawa ya sha kununsa, shi da dattawan su yi ta jifan juna da magana daga nesa. Su ce shanunsa ne manyan mashayan garin, tunda su ke cinye dusa. Ya ce shanunsa dai ba su taɓa ɓata hanyar gida ba.

Shekarar wahala ta zo ina wata takwas a gidan. Da damina amai da gudawa suka shiga ƙauyukan yankinmu. Ma'aikatan lafiya suka zo gida gida suna cewa a tafasa ruwa, a wanke duk abin ci da sha da ruwan magani. Gaskiya suka faɗa, kuma har yau da tafasasshen ruwa nake wanke ƙorena. A daidai lokacin ne kuma aka ba Gwaggo ranar aikin ido, don yanar ido ta rufe mata na dama. Ɗanta ya zo ya tafi da ita Gwagwalada, aka ce za ta yi mako uku a wurinsa. Ran Lahadi ta tafi. A bakin ƙofa ta ce, “Kin san komai. Randa kuwa, ki zuba mata kawai.”

Ran Litinin na buɗe faifan na leƙa. Na ga lakar nan a ƙasa, na ga jikin randa ya yi baƙin danƙo na shekaru. Ga mutane suna kwance a gidaje. Na ce a raina, abin da ke cikin nan na san sunansa, ana sayar da shi mai tsabta a leda a kantin kayan burodi. Me zai sa in ba mutane abin da ya kwana shida a gindin randa? Na kwashe irin na zubar a bayan gida. Na kawo soso da sabulu da ruwan magani na goge randa ciki da waje har jar ƙasarta ta fito. Na bi ta da ruwan zafi sau uku. Na wanke muciya, da ludaya, da faifan, da kowace ƙwarya. Ban bar komai ba, don ni ba na yin aiki rabi. Na yi wuni guda a kai, na kuma ji daɗin aikina.

Ran Juma'a na zuba ruwa, na auna yis ɗin burodi da cokali na barbaɗa. Ya tashi da sauri fiye da na Gwaggo, har ya yi ambaliya. Da safe na ji ƙanshin bai yi daidai ba, kamar an shiga gidan burodi, amma na ce ai tsabta ce.

Dattijon farko da na miƙa wa ɗanɗano ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dube ni.

“'Yar boko, ina Laraba?”

“Tana asibiti, Baba.”

“Allah ya ba ta lafiya.” Ya kife ƙwaryar ya ɗauki hularsa.

Kafin azahar ƙore goma sha ɗaya ne a kife a kan bencuna. Magina kaɗan suka daure suka sha, washegari suka ce kansu kamar an sara da gatari. Na zubar da sauran. Asabar ɗaya ke nan.

Ran Laraba na ɗauki ƙaramar ƙwarya na tafi gidan Mama Asabe. Iri ba a sayar da shi, kuma ba a hana shi, wannan ma doka ce. Ta saurare ni har na gama, ta tafa hannu.

“Kin wanke randar Laraba? Da sabulu? Wayyo ni Asabe. Ke, ko ni da nake son ranarku ban taɓa yi muku wannan addu'ar ba.”

Ta cika mini ƙwaryar, har ta ƙara. A bakin ƙofa ta ce, “Ki gaida gwaggonki. Ki ce mata na fara tara itace.”

Asabar ta biyu burkutu ta tashi lafiya. Ba wanda zai ce ta lalace. Amma ta Asabe ce, mai kaifin tsami, mai saurin hawa kai. Tamu tana da zaƙi a farko, tsamin yana zuwa daga baya, a ƙarshe ta bar wani ɗanɗano a maƙogwaro kamar na gasasshiyar gyaɗa. Dattawan ba su kife ba a wannan karon, saboda kunyar Asabe. Sun dai ajiye ƙoren a tsaye da saura a ciki. Ɗaya ya ce, “'Yata, in ta Asabe muke so, mun san hanyar gidanta, kuma mun sha ta ran Talata.” Suka ɗauki allon dararsu suka koma gindin wata bishiya. Da dattawa suka tashi, sauran ma suka bi. Farfesu ya kwana a tukunya. Asabar biyu ke nan, saura ɗaya.

Ran Lahadi bayan coci na zauna da takarda na rubuta duk abin da burkutun Gwaggo ta taɓa shiga. Randa, na wanke. Muciya, ludaya, ƙore, na wanke. Sai goruna. Wasu dattawan suna zuwa da goransu a cika musu su tafi gida, kuma ba mai wanke goran burkutu, sai dai a girgiza a zubar. Na rubuta sunayensu, mutum shida. Biyar daga ciki na riga na zuba musu ta yis ko ta Asabe, ko sun kai goran gidan Talata. Saura ɗaya, Baba Shekwolo, tsohon mafarauci, wanda ya fi kowa daɗewa a bencinmu. Ran Asabar ta ƙarshe da Gwaggo ta sayar ya cika goransa, daga nan ban sake ganinsa ba.

Malam Buba ne ya gaya mini inda yake, da ya zo ɗaukar dusa. Ya ce ƙafa ce ta kumbura masa, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Mpape, inda take sayar da abinci wa masu fasa dutse. Ya san wurin don yana kai mata kan saniya wani lokaci. Ya zana mini hanya a ƙasa da sandarsa, ya ce, “Ni dai ban san abin da za ki ɗauko ba, kuma kada ki gaya mini. Amma in gidan nan ya rufe, shanuna za su rame.”

Ran Litinin da sassafe na hau mota zuwa Gwagwalada, ban tsaya gaida Gwaggo ba, don ban san da wane baki zan gaishe ta ba. Daga nan zuwa tashar Jabi, daga Jabi zuwa Mpape, sauran kuma da ƙafa, hanya tana hawa tsakanin gidajen kwano da tarin tsakuwa. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake lissafawa: kwana goma sha shida ke nan da cika goran, kuma mace mai sayar da abinci, a shekarar amai da gudawa, ba za ta bar ƙazamin gora a gidanta ba.

'Yar tasa tana tuƙa tuwo na same ta. Da na faɗi daga inda nake, fuskarta ta canza.

“Ku ne masu ba shi abin nan? Likita ya hana shi. In kin kawo masa ne, ki juya da shi.”

“Ban kawo komai ba, Anti. Goransa na zo nema.”

“Wannan abin warin? Tun ranar da muka zo na jefa shi bola.”

Na roƙa dai in gaishe shi, tunda na riga na zo. Yana kwance a ɗan ɗaki a bayan rumfar, ƙafa a kan matashi. Na durƙusa na gaya masa duk abin da na yi, ban rage ba. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

“Da sabulu! 'Yar boko, randar da ta girmi ubanki kika yi wa wankan jego?” Sai ya rage murya. “Leƙa waje. Tana ina?”

“Tana wurin tuwo.”

“Ɗaga buhun gawayin can.”

Goran yana ƙarƙashi, an toshe bakinsa da totuwar masara. Ya ce da ta jefar, ya rarrafa da sandarsa ya ɗauko. Ya shanye abin da ke ciki tun kwana uku na farko, amma bai iya rabuwa da shi ba, yakan buɗe ya shinshina. Na cire totuwar. Wari mai kaifi ya doke ni, kamar ruwan tsami da ya kwana biyu. Na karkata shi wajen haske. A can ƙasa akwai laka, ba ta fi cokali biyu ba.

“Ki tafi da shi,” in ji Baba. “Amma aro ne. In ta tashi, ki dawo mini da shi, ko da ba komai a ciki. Ƙanshin ya ishe ni.”

Na naɗe goran a zane na rungume shi kamar jariri har gida. A mota wata mata ta tambaye ni ko magani ne. Na ce e.

Cokali biyu na tsohon iri ba za su tayar da randa ba. In na zuba su haka, tsami ne zai ci ƙarfinsu. A nan ne karatun da ya ɓata mini aiki ya yi mini rana. A makaranta mun koyi yadda ake rainon abu kaɗan har ya yi yawa. Da na isa na dafa ɗan ruwan tsiro a ƙaramar tukunya, na bar shi ya huce, na zuba kofi ɗaya a cikin goran, na girgiza, na ajiye kusa da murhu inda akwai ɗumi. Ran Talata da safe ba motsi. Da rana ma shiru. Ina jin hayaniyar gidan Asabe daga inda nake zaune. Sai wajen la'asar na kara kunne na ji wani ɗan sauti, kamar tafiyar tururuwa a kan busasshen ganye.

Na bar shi ya kwanta, na tsiyaye ruwan saman na zubar, don tsami ne zalla. Lakar ƙasa na juye a sabuwar ƙaramar tukunyar ƙasa, na ba ta kofi uku na sabon ruwa. Ran Laraba ta yi kumfa sosai, amma har yanzu da kaifi. Na sake zubar da na sama, na ba ta rabin bokiti. Ran Alhamis ina tuƙa babbar dahuwa ina zuwa ina leƙa ta. Da yamma na ɗiba a ludayi na kurɓa. Zaƙi ya zo, tsami ya biyo, na jira. Gyaɗar tana nan, can nesa, amma tana nan. Na sake ciyar da ita sau ɗaya. Randa kuwa na kwashe irin Asabe daga cikinta, na ɗauraye da ruwan zafi kawai, na shafe cikinta da sabon irin da hannuna, na bar ta ta sha har Juma'a.

Ran Asabar da safe randa tana magana. Na share rumfa, na ɗora farfesu, na jera doya a garwashi. Dattawan suna can gindin bishiyarsu da allon dara, suna kallona ta wutsiyar ido. Mama Asabe ta zo da kanta ta zauna a bencin magina, ta ce ta zo taya ni zama ne, kada kaɗaici ya kama ni.

Wajen ƙarfe goma mota ta tsaya. Ɗan Gwaggo ya fito da ita, da baƙin tabarau a fuskarta, tana dafe da kafaɗarsa. Ba a ce za ta dawo ba sai Lahadi, ashe labari ya kai mata tun makon farko. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna a bencin dattawa, inda ban taɓa ganin ta zauna ba, ta ce, “Mai gida, ba a ba baƙo ɗanɗano a nan?”

Na ɗebo rabin ƙwarya. Na kurɓa a gabanta, na miƙa mata da hannu biyu. Masu dara suka daina dara. Ta shinshina. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

“Ta rame,” in ji Gwaggo. “Ta sha wahala. A ina kika samo ta?”

“A goran Baba Shekwolo, a Mpape, ƙarƙashin buhun gawayi.”

“Wannan tsohon ɓarawon.” Ta miƙo ƙwaryar, a tsaye. “Cika mini.”

Dattawan suka taso ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu yana ɗauke da allon. Mama Asabe ma ta karɓi ɗanɗano, ta sha, ta ce, “To, itacen da na tara sai in sayar miki.” Gwaggo ba ta taɓa yi mini faɗa a kan randar ba. Abin da ta yi kawai, ran Juma'ar da ta biyo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in zuba da kaina, ita za ta kalla da sabon idonta. Sai da aka yi wata biyu kafin burkutun ta mayar da jikinta, randar kuma ta fi shekara kafin ta sake yin baƙi.

Na mayar wa Baba Shekwolo goransa ran Litinin, ba komai a ciki, kamar yadda muka yi. Da ya rasu 'yarsa ta aiko mini da shi a leda, ta ce ita dai ba ta san abin da ke tsakaninmu da wannan abin warin ba. Yana rataye a saman randa yanzu. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da Asabar, tara daga ciki ba Gwaggo. Kowane wata nakan cika ƙananan goruna uku da iri in kai gidaje uku dabam, ɗaya daga cikinsu gidan 'yar Asabe ne, su ajiye mini. Ban ƙara yarda ya zauna a wuri ɗaya ba.

Saboda haka, ɗana mai mota, ban hana ka ba. Iri ba a hana shi, in ka zo da ƙwarya zan cika maka. Amma ba ranar farko ba. Ka zo ran Litinin da ƙarfe shida, da tsofaffin kaya, ka bar wayar a mota. Akwai buhu biyu na dawa da ke jiran mai juya su safe da yamma. In ka yi wata uku funfuna ba ta shiga ba, zan buɗe maka faifai ka leƙa randa. Hannunka a baya.